Ƙarfe Uku Na Dare, Kuma Kana Onlayin

Ɗan'uwa, bari in fara da tambayar da na riga na san amsarta. Jiya da daddare ƙarfe nawa ka ajiye waya? Ba lokacin da ka hau katifa nake tambaya ba, lokacin da wayar ta bar hannunka nake nufi. In ka ce sha ɗaya zan ce Allah ya ƙara lafiya, amma fa na gan ka a guruf ɗin ajinmu ƙarfe biyu da rabi kana tura hoton barkwanci. Kada ka ji kunya, domin da ni ma ba na wurin ai da ban gan ka ba. Ke ma 'yar'uwa da kike dariya, mun ga koren ɗigon nan kusa da sunanki har aka yi kiran assalatu.

Wannan makon maganar barci nake so mu yi. Na san wani zai ce duk matsalolin da suka dabaibaye ɗalibi a ƙasar nan, ga kuɗin rajista, ga tsadar abinci, a rasa abin da za a tattauna sai barci? To ni dai a ganina korona ta ƙwace mana abubuwa biyu. Ta ƙwace mana shekarar karatu, wannan kowa ya gani, an yi ta surutu a kai a rediyo da jaridu. Ta kuma ƙwace mana dare, wannan kuwa shiru kake ji, mu ma da abin ya shafa mun mai da shi abin wasa.

Ka tuna yadda aka faro. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ke ɗauke da cutar a Najeriya, a Legas. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annobar da ta game duniya. Kafin watan ya ƙare gwamnatin tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu, mu kuma muka tattara jakunkuna muna cewa sai bayan wata guda. Ana cikin haka, ranar 23 ga Maris ɗin, ASUU ta tsunduma yajin aikin sai baba ta gani, ba ta janye ba sai 23 ga Disamba. Wata tara cur. Ɗaliban wasu ƙasashe sun koma karatu ta intanet, ko ba komai suna da lakcar ƙarfe tara da za ta tashe su. Mu ɗaliban jami'o'in gwamnati ba aji, ba malami, ba jarrabawa, ba wanda ke jiran mu a ko'ina.

Ni a gida na yi zaman kullen, kuma azumin shekarar ya faɗo a tsakiyarsa. Ka san yadda azumi yake ko da lafiya lau: a raba dare ana hira, a yi sahur, a yi asuba, a kwanta. Sauran shekaru fitar safe ce ke dawo da mutum kan hanya. A waccan shekarar ba fita, sai na riƙa kwanciya bayan asuba in farka ana kiran azahar. Aka yi Sallah, azumi ya tafi, amma tsarin ya zauna daram. Wata bakwai ina haka. Umma ta yi faɗa har ta gaji ta koma kira na mai gadin gida.

Me muke yi a daren? Kai ma ka sani. Kamfanonin waya sun ajiye garaɓasar datarsu a tsakar dare, daga wajen sha biyu zuwa asuba, ɗalibi kuwa aljihunsa bai wuce na garaɓasa ba. Lokacin ne ake sauke Izzar So da Labarina, a bi fassarar fina-finan Indiya, a karanta littattafan da ake turowa shafi-shafi a WhatsApp, a leƙa TikTok da niyyar minti biyar a fito bayan awa biyu. A sashenmu na koyon aikin jarida an koya mana cewa hajar da kafafen nan ke sayarwa ita ce hankalin mai kallo, kuma duk mintin da ka ƙara a kansu kuɗi ne a wurinsu. Shi ya sa bidiyo ke bin bidiyo ba tare da ka taɓa komai ba, shi ya sa shafin ba shi da ƙarshe. A 2017 shugaban Netflix na lokacin, Reed Hastings, ya fito fili ya ce barci na cikin manyan abokan gasar kamfaninsa. Mutumin bai ɓoye maka ba. Kai ne ka ɗauka hira kawai kake yi.

Amma zan yi rashin adalci in na ɗora wa waya laifin duka. Da yawanmu ba daɗi ne ya hana mu barci ba, tsoro ne. Ka tuna alƙaluman NCDC da ake sakewa a Twitter can cikin dare, mu zauna muna jira mu ga jiharmu ta samu nawa, kamar masu jiran sakamakon jarrabawa. Wanda ke Kano a watan Afrilun 2020 ba zai manta makonnin nan da sanarwar rasuwa ke bin sanarwar rasuwa ba, dattawa da malamai da mutanen da aka sani. Kana kwance kana jin tarin Baba daga ɗakinsa, kana lissafi. Ga shago a rufe, ga buhun shinkafa na yin ƙasa. Ga lissafin shekaru: yaushe zan gama, zan kai talatin kafin bautar ƙasa, wane ma'aikaci zai ɗauke ni in tallar aiki ta sa iyakar shekaru? 'Yan'uwanmu mata kuma ga surutun dangi, wai tunda boko ya tsaya a zo a yi maganar aure. Mutum na cikin wannan hali, in ya kashe waya sai tunani ya taso masa, sai ya sake kunnawa don ya gudu. Hausawa na cewa dare mahutar bawa, amma a shekarar nan dare ne lokacin da zuciya ta fi aiki.

Yanzu bari mu ɗan leƙa cikin jiki, domin abin ba camfi ba ne. A ƙwaƙwalwarka akwai agogo da ke zagayawa kusan duk awa 24, shi ke tsara lokacin barci da farkawa da zafin jiki da yunwa. Masana uku 'yan Amurka, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, a kan gano yadda wannan agogo ke aiki suka ci kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2017. Babban abin da ke saita shi haske ne. In duhu ya yi, ƙwaƙwalwa na sakin wani sinadari mai suna melatonin da ke shaida wa jiki dare ya yi. In haske na shiga ido cikin dare, sakin nasa na jinkirta. In kuma safiya ta yi ba ka fita ka ga rana ba, agogon ba ya samun abin da zai dawo da shi daidai, sai ya yi ta zamewa gaba, yau ƙarfe ɗaya, jibi biyu, mako mai zuwa uku. Abin da kulle ya yi mana ke nan: ya raba mu da hasken safe, ya bar mu da hasken waya. Saboda haka in ka kwanta sha ɗaya yanzu ka yi ta juyi, ba taurin kai ba ne, jikinka ne ya ɗauka magariba ce ta yi.

Masana barci sun ce baligi na bukatar awa 7 zuwa 9 a dare. Kuma ba hutun gaɓoɓi kawai ake yi a ciki ba. Lokacin da kake barci ne ƙwaƙwalwa ke tace abin da ka karanta da rana ta adana shi inda zai daɗe. Ga kuma garkuwar jiki, wadda a zamanin annoba ba abin wasa ba ce. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2015, an auna barcin mutum 164 na tsawon mako guda, sannan aka ɗiga musu ƙwayar cutar mura a hanci. Waɗanda ke barcin ƙasa da awa 6 sun ninka masu wuce awa 7 kusan sau huɗu wajen kamuwa. Mura ce aka gwada, ba korona ba, kada wani ya je ya ce na ce barci rigakafin korona ne. Amma darasin a fili yake: a lokacin annobar muna ta wanke hannu da sa takunkumi, muna kuma raunana jikin da zai yi yaƙin in cutar ta shigo.

To an buɗe makarantu a farkon 2021, mun dawo da agogonmu a karkace. Hukumomi na son cike giɓin shekara, sai aka matse zangon karatu, abin da ake yi a wata huɗu aka ce a yi shi a gaggauce. Lakca ƙarfe takwas, wani malamin ma bakwai. Ka duba ajinku gobe da safe ka ƙirga kawunan da ke kan benci. Malam na ganin raini ne ko lalaci, alhali yaron da ya yi wata tara yana kwanciya da asuba ne aka ce ya fahimci darasi a lokacin da jikinsa ke tsakiyar dare.

Mu kuma maimakon mu nemi gyara, sai muka koma wa tsohuwar al'adarmu ta kwanan aji, abin da muke kira TDB. A nan ne nake da ja da mu kanmu. Mun mai da rashin barci abin alfahari. Za ka ji mutum na bugun ƙirji wai kwana uku bai runtsa ba, a ɗora hoton kofin Nescafe da tulin takardu a sitatus ƙarfe huɗu na dare, abokai na zuba masa kirari. Wanda ya kwanta sha ɗaya kuwa a ce ba shi da himma. Ni ma na yi. A gwajin farko bayan dawowarmu na kwana a aji da goro da shayi mai kauri, na shiga ɗakin jarrabawa ina jin kaina kamar an cusa auduga. Tambaya ta biyu na san na karanta ta, har gefen shafin da take ina gani a raina, amma abin da ke rubuce a wurin ya ƙi zuwa. Na fito, na yi barcin awa uku, na farka amsar na zuba kamar famfo. Wa gari ya waya? Masu bincike a Ostareliya sun nuna tun shekarar 2000 cewa wanda ya yi awa 17 zuwa 19 ido biyu, saurin tunaninsa da martaninsa na raguwa kamar na wanda ya ɗan sha barasa. Ka ga ke nan muna shiga jarrabawa a buge, ba mu sha komai ba.

Shi kansa kofin da muke dogaro da shi bashi ne da ruwa. Sinadarin kafin da ke cikin kofi da goro da shayi da lemukan ƙara kuzari ba ya kawar da gajiya, toshe saƙonta yake yi kada ya isa ƙwaƙwalwa. Kuma yana daɗewa: bayan kamar awa biyar rabinsa na nan a jini. Wanda ka sha da la'asar yana nan tare da kai a kan katifa. Ka kasa barci, ka tashi a gajiye, ka ƙara sha, haka za a yi ta zagaye.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne mataki na gaba. Wanda ya gaji da juyi a kan gado wata rana aboki zai ce masa akwai 'yar ƙwaya. A je kemis ba takardar likita a karɓo diazepam, ko a nemo maganin tari mai kodin a bayan fage, duk da gwamnati ta hana sarrafa shi da shigo da shi tun watan Mayun 2018, bayan rahoton binciken da BBC ta yi. Mu a Arewa ba sai an ba mu labarin inda wannan hanya ke ɓullewa ba, kowace unguwa na da misali. Da yawa ba neman maye ne ya kai su ba, barci suka je nema. Irin waɗannan magunguna jiki na sabawa da su, ƙwaya ɗaya ta koma biyu, ranar da babu kuma idon ya ƙi rufuwa gaba ɗaya. Don Allah in ka kai nan, ko ka san wanda ya kai, kada a tsaya jin kunya.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiya. Zai ce malam, kana magana kamar muna da zaɓi. Ɗakin mutum huɗu mu goma ne a ciki, wani na waya da budurwa, wani na dafa indomi, wani ya kunna waƙa. Wuta sai tsakar dare ake kawowa, lokacin ne za a yi caji, a yi guga, a yi karatu. Ga zafin Maris da Afrilu da ke mai da ɗaki tanda, ga sauro. Wani da rana yana tuƙa Keke Napep ko yana tsaron shago don ya haɗa kuɗin makaranta, dare kaɗai ya rage masa. Duk na yarda. Shi ya sa ba zan kawo maka shawarar Turawa ta ɗaki mai sanyi da labule mai kauri ba. Amma ka yi wa kanka adalci: cikin awa huɗun da ka yi ido biyu jiya, nawa wuta da zafi suka ci, nawa kuma ka miƙa wa waya da hannunka? Abin da ya fi ƙarfinmu mu bar shi a gefe, mu kama wanda ke hannunmu.

Ga abin da na gwada ya yi mini aiki, kuma ya dace da abin da masana ke faɗa. Ka fara da lokacin tashi, kada ka fara da lokacin kwanciya. Ba ka iya tilasta wa kanka barci, amma kana iya tilasta wa kanka tashi. Ka tsayar da lokaci guda kullum, har Asabar da Lahadi. Mu da ke tashi sallar asuba mun ma samu sauƙi, abin da ya rage shi ne kada a koma a nannaɗe har hantsi. Gari na wayewa ka fita waje ka sha hasken safe ko na minti ashirin ne, ka taka zuwa mai ƙosai ko mai shayi. Kwana uku na farko za ka ji kamar an yi maka duka. Ka daure, wajen mako guda zuwa biyu za ka ga hamma ta fara zuwa da wuri.

In barci ya dame ka da rana, ka yi ƙailula, amma gajera, minti ashirin zuwa talatin bayan azahar. Ta wuce haka ko ta kai bayan la'asar, daren ta ci. Kofi da goro ka tsayar da su daga azahar. In don garaɓasar data ce, ka jera abin da za ka sauke, ka danna, ka kife wayar nesa da katifa, da safe ka tarar da kayanka. Ba dole sai ka yi gadinsu ba. Labarai ka duba su da rana, ba abin da zai canza tsakanin sha biyun dare da safiya sai hawan jininka. In tunani ya yi maka yawa, ɗauki biro ka rubuta abin da ke damun ka da abin da za ka yi a kai gobe, ka rufe littafin. In kuma ka kwanta kamar minti ashirin barci bai zo ba, tashi ka zauna, ka yi wani abu marar hayaniya cikin haske kaɗan, sai ka ji shi ya zo ka koma. Kada gado ya zama wurin da jikinka ya saba da juyi da tsaki. Karatu kuwa, awa biyu kullum na mako biyu ya fi kwana biyu a aji ba runtsawa. Ku kuma 'yan ɗaki ku zauna ku yi yarjejeniya: daga ƙarfe kaza a rage murya, mai waya ya fita baranda, mai kallo ya sa abin kunne.

Akwai kuma inda dabara ke ƙarewa. In rashin barcin na zuwa maka dare uku ko fiye a mako har ya kai wata uku, kuma yana taɓa karatunka da mu'amalarka, likitoci na ɗaukar sa ciwo ne da ke bukatar kulawa. In ya haɗu da baƙin ciki marar dalili, ko faɗuwar gaba, ko ka daina jin daɗin abin da ka saba so, ko tunanin cutar da kanka, kada ka jira wata ukun ma. Je asibitin makaranta, ko ka nemi sashen ba da shawara. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Maganin da likitoci suka fi ba wa fifiko a irin wannan ma ba ƙwaya ba ce, horo ne na gyara ɗabi'un barci da tunanin da ke tare da su. Ka yi addu'a, ka kuma je a duba ka, ɗaya ba ta hana ɗaya.

Hukumomin jami'o'i da shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai, ku ma da ku nake. A lokacin annobar an sa bokitin wanke hannu a ƙofar kowane aji, madalla. Amma a duba jadawalin da ke jera wa ɗalibi jarrabawa uku cikin kwana biyu. A duba lakcar bakwai na safe. A bar janareta ya yi aiki a ɗakunan karatu daga magariba zuwa sha ɗaya, maimakon ɗalibi ya zauna jiran wutar tsakar dare. A fito da ofishin ba da shawara daga lungun da aka ɓoye shi, a sanar da ɗalibai yana nan. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar biliyoyin da ake rigima a kansu da gwamnati.

Kai kuma ɗan'uwa, shekarar da ta tafi ta tafi, ba ASUU ba gwamnati ba mai dawo mana da ita. Daren yau dai yana hannunka. In ƙarfe uku ne yanzu kake karanta wannan, kada ka tsaya yi mini sharhi, kada ma ka tura wa kowa. Rubutun na nan har gobe. Kife wayar ka kwanta, da safe ka zo mu yi musu.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Asuba ta gari.